Tsohon Babur na Unguwar Boro

Mutane da yawa suna tsammani aiki ne ke kashe inji. Ni malamin ofis ne, sana'ata alƙalami da fayil, amma abin da idona ya gani a daminar 2023 ya tabbatar mini zama ya fi aiki ɓarna. Babur ɗin da ake hawa kullum, ko ya tsufa, mai shi yana jin kukansa, in ya ji kukan ya sake sai ya kai shi a duba. Wanda aka jingine a ɗaki kuwa ba ya kuka, ba ya ɗigar da mai a gaban kowa, ga shi nan lafiya lau a ido, alhali tsatsa tana cinsa ta ciki kamar yadda gara ke cin azara. Zan ba da labarin wani babur da ya shekara 23 a kwance a Unguwar Boro, da yadda aka yi ya tashi, ko Allah ya sa wani mai irinsa a jingine ya amfana.

Kafin mu shiga aikin, ya kamata mai karatu ya san matsayin babur a wurin ma'aikaci a zamanin iyayenmu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya kama aikin akawu tun ana ce wa hukumar gargajiya En'e. A lokacin abin hawan malamin ofis keke ne, Raleigh in ya sami hali. Babur kuwa, irin su BSA da Triumph na Ingila, sai babban ma'aikaci mai yawan rangadi. Sa'an nan mutanen Japan suka shigo da nasu, masu sauƙin kuɗi da sauƙin shan mai, suka mamaye kasuwannin duniya har kamfanin BSA ya durƙushe a 1973. A 1974 kwamitin Jerome Udoji ya ba gwamnatin Janar Yakubu Gowon shawarar ƙarin albashi, a farkon 1975 aka biya ƙarin har da na watannin baya a dunƙule. Tsofaffi har yanzu suna ba da labarin wannan shekara, wai wani ya sayi rediyo, wani ya ƙara aure, wani ya cinye nasa a tsire. Baba ya haɗa nasa da ɗan abin da ya tara, ya sayi Honda CD175, ja, sabo fil. Da aka rushe tsarin En'e a 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, aikinsa ya sake suna, babur ɗinsa kuwa bai sake ba, shi ya ci gaba da kai shi ofis har ya yi ritaya.

Irin wannan babur kamfanin Honda ya ƙera shi daga 1967 zuwa 1979. Silinda biyu gare shi, kafireta ɗaya, giya huɗu, da batir mai bolt 6. Sarƙarsa a rufe take cikin kwano don kada ƙura da ruwa su same ta. Ba shi da gudun a zo a gani, an yi shi ne don mai zuwa aiki da safe ya komo da yamma da buhun masara a baya.

Gidanmu a Unguwar Boro yake, kudu da kogin Kaduna, gaba da Sabon Tasha a kan hanyar Kaciya, kafin a kai matatar mai da aka buɗe a 1980. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, amma da masaƙun Kakuri suka bunƙasa, tun daga Kaduna Textiles da ta fara aiki a 1957, sai mutane daga ko'ina suka yi ta neman fili a wannan yanki. A layinmu akwai Bajju da Atyap da Ibo da Yarabawa da mu, kowa kuwa da Hausa yake ciniki yake faɗa. Katangarmu ɗaya da wani dattijo Kirista, ma'aikacin masaƙa. Baba muke ce masa, matarsa Mama. Ran Salla akushinmu ya tsallaka katanga, ran Kirsimati nasu ya tsallako.

Ranar 21 ga Fabrairu, 2000, rikici ya tashi a Kaduna kan maganar shari'a, aka yi asarar rayuka da dukiya a kowane ɓangare. Ba wannan ne abin da na zauna rubutawa ba, don haka zan taƙaita. Mun kwana biyu a ƙuryar ɗakin maƙwabcinmu, a rana ta uku muka fita da abin da hannu zai iya ɗauka. Baba ya tura babur cikin siton gidan, ya rufe shi da tamfol, ya ce wa maƙwabcin, in ƙura ta lafa zai zo ya ɗauka. Ƙura ba ta lafa da wuri ba. Aka sake yi a watan Mayu, aka sake a Nuwamban 2002, garin ya rabu gida biyu, kogi ya zama iyaka, Musulmi suka yi arewa Kirista suka yi kudu. Muka zauna a Tudun Wada, aka sayar da gidan, ƙafar Baba ta yi nauyi, idonsa ya yi rauni. Kullum aka yi zancen babur sai ya ce yana hannun amana, har Allah ya karɓi ransa.

Abin da ya tayar da maganar kuɗin mai ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin fetur, cikin kwana biyu litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500. Kuɗin mota ya bi ta. Na zauna da alƙalami na yi lissafi irin namu na akawu, na ga abin da nake ba masu keke-napep da 'yan bas a wata ya kusa cinye sulusin albashina. Sabon babur kuwa ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Na tara 'yan'uwana na kawo maganar, tun da babur ɗin yana cikin gado ba a raba shi ba. Wani ƙanena ya ce a kira 'yan gwangwan su auna shi a kilo a raba kuɗin. Yayarmu ta ce ita dai ta yafe mini rabonta, in ya tashi in riƙa kai ta asibiti. Sauran suka bi bayanta.

Ran Asabar na tsallaka gada na tafi. Unguwar ta cika ta batse, filayen da muke ƙwallo duk sun zama gidaje, sai da na yi tambaya sau biyu kafin in gane layinmu. Dattijon yana zaune a gindin mangwaro, gashinsa fari fat. Ya dube ni ya dube ni, sa'an nan ya ce, "Ɗan Malam ne?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ƙwala wa Mama kira. Bayan an gama gaisuwa da ta'aziyya da koke-koke, ya kai ni sito. Ya gaya mini 'yan gwangwan sun sha zuwa, musamman bayan an rufe masaƙu ya rasa aiki, kuɗin sallama kuma ya ƙi fitowa. Har wani ya taɓa ajiye kuɗi a kan tabarma. Ya ce masa ya kwashe abinsa, kayan Malam ne. Na ce zan nemo a-kori-kura in kai shi Tudun Wada a gyara. Ya girgiza kai ya ce, "A'a, ɗana. A nan ya kwanta, a nan zai tashi. Ina so in ji kukansa."

Shi ya nemo mana bakanike, wani tsoho a Sabon Tasha wanda ya koyi aiki a kan irin waɗannan injuna tun yana yaro. Muka yi yarjejeniya, kowace Asabar mu haɗu a gindin mangwaro, shi da kayan aikinsa, ni da kuɗin kaya da na abinci.

Da muka jawo babur waje muka wanke, ga abin da muka tarar. Tayoyi sun tsage kamar bayan ƙafa da hunturu. Ɓeraye sun yi gida a cikin sirdi, sun ci soso, sun ci rigar wayoyi. Batir ya bushe ya yi fari. Tanki da aka buɗe sai wani wari kamar na tsohon fenti. Kik kuma, watau sandar da ake takawa a tashi inji, ya ƙi motsi ko kaɗan. Wani jikan gidan, saurayi mai ƙarfi, ya ɗaga ƙafa zai taka da iyakar ƙarfinsa, bakanike ya daka masa tsawa. Ya bayyana mana cewa fistin ya manne da jikin silinda saboda tsatsa, in aka tilasta masa, ringi zai karye ya kakkarce silinda, ko sandar da ke riƙe da fistin ta lanƙwashe, aikin mako uku ya koma na wata uku. Sai ya kwance fulogi biyun, ya haɗa kananzir da baƙin mai ya ɗura a ramukansu, ya toshe da tsumma, ya ce mu tafi sai Asabar. Na ce, "Oga, ke nan aikin yau?" Ya ce, "Malam, abin da ya shekara ashirin yana kamawa ba ya saki don ka yi sauri."

Asabar ta biyu ya ƙara ɗurawa, ya sa babbar giya, muka riƙa jijjiga babur gaba da baya a hankali, don tayar baya ta riƙa taɓa inji kaɗan-kaɗan. Shiru. Asabar ta uku muna cikin jijjigawa sai muka ji wani ɗan ƙas, baƙin ruwa ya furzo ta ramin fulogi ya ɓata mini riga. Ban taɓa murna da ɓacin riga ba sai ran nan.

Da aka buɗe kan inji na ga dalilin abin da idona. Silinda ta dama tana sheƙi kamar jiya aka rufe ta, ta hagu kuwa ta yi ja da tsatsa. Bakanike ya ce ran da Baba ya kashe injin, bawul na hagu ya tsaya a buɗe, na dama a rufe. Ta wannan 'yar kafa iskar damina mai laima ta yi ta shiga tana fita har damina 23. Ɗaya ta tsira ɗaya ta lalace, ga su kuwa kafaɗa da kafaɗa a cikin ƙarfe guda.

Aka ɗauki silinda sai Panteka. Wanda bai san Panteka ba bai san Kaduna ba. Kasuwa ce ta tsofaffin ƙarafa da maƙera da masu walda da masu injin sassaƙa ƙarfe, inda ba a yarda wani abu ya mutu ba sai an gwada shi sau uku. A can aka rarake silinda biyun aka faɗaɗa su da rabin milimita, don a kawar da ramukan tsatsa. Sai neman fistin da ringi masu wannan girma. Mun yi mako biyu muna bin rumfuna. Samari masu shago in na faɗi sunan babur sai su yi dariya, su nuna mini kayan Bajaj da Jincheng. A ƙarshe wani dattijo Ibo ya ce in ba shi kwana goma, ya aika Nnewi, garin da ya fi ko'ina a Nijeriya kasuwar kayan babur. Ran kwana na goma sha biyu kaya suka iso cikin kwalinsu na asali, kwalin ya yi rawaya don tsufa, ƙarfen kuwa yana cikin maiƙonsa.

Aikin tanki yaran gidan suka yi, kuma sun ji daɗinsa. Aka zuba tsakuwa da tsofaffin notuna da kananzir, aka toshe, aka naɗe shi da buhu, suka yi ta mirgina shi a tsakar gida suna waƙa. Sau biyar ana zubarwa ana sakewa kafin kananzir ya fito fari. Da tsatsa ta fita sai ƙananan huji uku suka bayyana a gindi, inda ruwa ke kwanciya, domin ruwa ya fi fetur nauyi. A nan zan ja kunnen mai karatu. Kada a kuskura a kai wuta kusa da tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko ya shekara nawa a bushe, sai an wanke shi sarai an kore tururin. Tururin ne ke fashewa. Mai gyaran lagireto ya wanke namu da ruwan zafi da sabulu, ya shanya, sa'an nan ya liƙe hujin da dalma.

Kafireta ita ta fi ba ni sha'awa, don aikinta ya yi kama da namu na ofis, ƙaramin kuskure a lissafi ya ɓata shafi duka. Ita ke auna fetur ta gauraya shi da iska kafin ya shiga inji, ta wasu 'yan ramuka da ba su kai kaurin allura ba. Fetur ɗin da Baba ya bari a ciki ya bushe ya koma kamar ƙaro, ya toshe su duka. Bakanike ya jiƙa ta kwana bakwai, sa'an nan ya zare silin waya guda mai laushi ya riƙa bi da shi a hankali yana hurawa da baki. Na miƙa masa allura, ya ƙi karɓa. Ya ce allura ta fi tagullar tauri, za ta faɗaɗa ramin, in kuwa ramin ya faɗaɗa ko da ƙwayar gashi, babur zai riƙa shan mai kamar raƙumi yana baƙin hayaƙi, ba kuwa mai iya mai da shi.

Wajen wuta ma haka. Baburan yanzu wani ɗan baƙin akwati ke ba fulogi wuta, in ya mutu a jefar a sayi wani. Wannan kuwa da kwantak yake aiki, wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa, duk buɗewa ɗaya tartsatsi ɗaya. Ya goge bakinsu da samfefa mai laushi, ya daidaita tazararsu tsakanin milimita 0.3 da 0.4. Don ya san daidai lokacin da suke buɗewa, sai ya sa 'yar siririyar takarda a tsakaninsu, ya riƙa juya inji da sufana yana jan takardar, inda ta suɓuce nan ne buɗewar, tilas kuwa ta dace da wata alama mai harafin F da maƙera suka zana a jikin injin. Samarin bakanikai biyu suka zo kallo, suka ce ba su taɓa ganin an yi haka ba. Ban ga laifinsu ba. Kayan da suka tashi suka tarar ba a yi su don a gyara ba, an yi su don a canza, kuma gaskiya ɗaya ce, sababbin sun fi tashi da sauri da asuba, sun fi ƙarancin shan mai. Sai dai ran da aka daina kawo baƙin akwatin nan, babur ya zama gwangwan. Wannan kuwa, muddin akwai samfefa da mai haƙuri, yana da sauran kwana.

Batir mai bolt 6 ya ba mu wuya, don kasuwa ta koma ta mai 12, amma mun samu. Aka sake wayoyi, aka sayi tayoyi da tib sababbi, aka sake takalman birki gaba da baya, domin fatar da ke jikinsu ta ɓanɓare, abin da kan kashe mutum a kan gangara. Sarƙa kaɗai ta fito lafiya daga cikin kwanonta, giris ɗin Baba yana jikinta.

A cikin ɗan akwatin kayan aiki da ke gefen babur muka sami wani abu da ban san da shi ba. Ƙaramin littafi ne naɗe cikin leda, Baba ya ja masa layuka da rula, kwanan wata a hagu, tafiyar da babur ya yi a tsakiya, abin da aka yi masa da kuɗin da aka biya a dama. Tun daga 1975 ba juyen baƙin mai ɗaya da ya wuce bai rubuta ba. Farkon littafin da ajami, daga baya ya koma boko. Layin ƙarshe na watan Janairun 2000 ne. Bakanike ya sa aka karanta masa, ya ce yanzu ya gane abin da ya sa ƙasan injin bai ci ba. Dattijon gidan kuma ya karɓa ya yi ta juya shafuka, ya tsaya a wani layi na 1983 inda aka rubuta, facin taya, hanyar asibiti, dare. Ya ce daren da aka haifi 'yarsa ta uku ke nan, Malam ne ya ɗauki Mama a baya.

Asabar ta goma sha ɗaya aka gama haɗawa. Aka zuba baƙin mai, aka zuba lita biyu ta fetur, aka murɗa makulli, ɗan koren haske ya kama. Bakanike ya taka kik. Inji ya yi tari ya mutu. Ya sake, ya yi tari ya mutu. Ya duba wuta, akwai. Ya duba mai, yana sauka. Ya zauna a kan dutse yana share gumi yana duban babur kamar mai duban ɗan da ya ƙi magana. Can dattijon ya ce daga kan kujerarsa, "Ku duba salansa. Shekara da shekaru ina ganin zanzaro yana shiga da ƙasa a baki." Aka kwance salansa biyun aka bubbuga, sai ga ɗakunan laka suna zubowa, har suka kusa cika kwanon sha. Injin da ba ya iya fitar da numfashi ba ya iya shaƙa. Aka mayar, aka taka sau biyu, a na uku ya kama. Farin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, kaji suka watse, yara suka yi ta tsalle. Da hayaƙin ya lafa sai kukan ya daidaita, wani ɗan gurnani mai taushi wanda baburan yanzu masu silinda ɗaya ba su da shi. Mama ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta rangaɗa guɗa. Ta ce shekara ashirin da biyar wannan kukan ne agogonta, in ta ji shi ta san lokacin ɗora ruwan wankan 'yan makaranta ya yi. Maƙwabta biyu tsofaffi suka leƙo, ɗaya ya ce shi ya zaci Malam ne ya komo.

Da na haɗa lissafin abin da na kashe, ya fi abin da na yi tsammani, amma bai kai rabin kuɗin sabon babur ba. Na sabunta takardu da inshora, na karɓi sabuwar lamba, na sayi hular kwano biyu, ɗaya tawa ɗaya ta yayarmu. Bakanike ya kafa mini sharaɗi, tun da fistin sabo ne, kada in murza totur ya wuce rabi, kada in ɗauki kaya mai nauyi, sai na yi kilomita 500 na juye mai. A nan muka gamu da 'yar matsala, don igiyar agogon da ke ƙidaya tafiya ta tsinke, ba a kuwa same ta a Panteka ba. Sai na koma ƙidaya da kwanaki, ina rubutawa a littafin Baba, a shafin da ke bin layin Janairun 2000, da irin layukan da ya ja.

Dattijon Ibo ya sake aikawa Nnewi, ya ce igiyar tana hanya. Kafin ta iso, kowace Asabar nakan tsallaka gada in kai babur gindin mangwaro, bakanike ya saurari bawul ya ɗaure abin da ya saki, Mama ta kawo kunu, dattijon kuma ya sa a kai shi Sabon Tasha a baya ya sayo maganin hawan jininsa.